Idan 'Yarki Ta Ce Jaridar Al'adu Take Son Yi

 

A cikin sharhin da kuka bari a makon jiya, wata uwa daga Bakura ta yi tambayar da na ga ta cancanci mu zauna a kanta. 'Yarta tana ajin ƙarshe na sakandare, lokacin cike fom ɗin JAMB ya matso. Ita uwar tana so ta karanci aikin jinya ko ungozoma, yarinya kuma ta kafe a kan aikin jarida, jaridar ma ta fannin al'adu: fada, gidajen tarihi, makaɗa da mawaƙa, littattafai da fina-finai. Uwar ta ce abin da take hangowa shi ne 'yarta za ta ƙare da bin mawaƙa gidan biki. Ta roƙe ni, tunda ni ma'aikaciyar jinya ce da ke taɓa rubutu, in taya ta shawo kan yarinyar.

'Yar'uwa, na fahimci tsoronki, kuma uwa ce kawai ke irin wannan tsoro. Abin da zan yi shi ne in shimfiɗa miki aikin yadda yake, da zaƙinsa da ɗacinsa, sannan ki zauna da mahaifinta da ita ku yanke shawara kuna sane da abin da kuke yankewa a kai.

Mene ne aikin?

A manyan jaridun duniya akwai wakilan da ba su da wani aiki sai bibiyar gidajen tarihi, ɗakunan karatu, gidajen wasan kwaikwayo da hukumomin da ke riƙe da kayan gado na al'umma. Suna ba da labarin biki idan an yi, amma babban aikinsu shi ne sa ido. A shekarar 2023 aka gano cewa kayan tarihi kusan 2,000 sun ɓace ko sun lalace a babban gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, wasu ma an sayar da su ta intanet. 'Yan jarida suka bi maganar ba ƙaƙƙautawa har shugaban gidan ya ajiye muƙaminsa. Haka kuma rubuce-rubuce na shekara da shekaru suna cikin abin da ya hana maganar kayan tagullar Benin mutuwa, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, har Jamus ta fara dawo da nata kason Abuja a watan Disamba na 2022.

Mu ma muna da irin waɗannan wurare a Arewa. Akwai Gidan Makama a Kano. Akwai Arewa House a Kaduna, gidan Sardauna da aka mayar cibiyar bincike ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa ita ma a Kaduna, akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai gidan tarihi na Kanta a Argungu. Ga gidajen rediyo irin su Rediyon Tarayya Kaduna da Rima Rediyo, inda aka naɗi muryoyin manyan makaɗanmu tun iyayenmu suna yara. Duk waɗannan wurare da kuɗin jama'a ake tafiyar da su, kuma abin da ke cikinsu na jikokinmu ne. Wakilin al'adu shi ne wanda zai je ya duba ko rufin yana yoyo a kan littattafai, ko gara ta shiga takardun ajami, ko faifan da aka naɗa shekara hamsin da suka wuce yana nan ko wani ya sa shi a jaka ya tafi da shi.

Abin da ke ƙofar gidanmu

Uwar da ta yi tambayar nan 'yar Bakura ce, don haka bari in fara daga gida. Tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, tafiyar da ba ta kai ta wuni ba, akwai fadoji uku: ta Sarkin Mafara, ta Sarkin Burmin Bakura, da ta Sarkin Kayan Maradun. Kowace fada tana da tambura da kirari da jerin sarakuna da masu riƙe da sarautun gargajiya. Kowace kuma gidan tarihi ce mai rai, sai dai mafi yawan abin da ke cikinta yana cikin ƙirazan tsofaffi ne.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda yau babu lungun ƙasar Hausa da ba a jin kotsonsa, a ƙasar Bakura aka haife shi, Maradun kuma ta zama garin da ake kiransa da shi. Gadon kiɗa ya yi daga mahaifinsa, ya yi aiki tare da yayansa Abdu Kurna, ya yi wa sarakunan Maradun waƙa, ya yi wa 'Yandoton Tsafe, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙar nan da aka fi sani da “Mai Dubun Nasara”. Ya rasu a 1991. Sa'idu Faru, wanda ake yi wa laƙabi da Malamin Waƙa, mutumin Faru ne a ƙasar Maradun, kuma ya yi fice da waƙoƙin da ya yi wa Muhammadu Macciɗo lokacin yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Idan kika ɗan matsa gabas, Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya ne, Ibrahim Narambaɗa mai “Bakandamiya” kuma makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne.

Dalibai sun samu digiri a kan waƙoƙin mutanen nan a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya kwashe rayuwarsa yana tattara tarihin makaɗan baka da rubuta waƙoƙinsu. Wato abin da muke ji a wayar mai shayi muna wucewa, wasu sun gina ilimi a kansa.

A dutin dare nakan ga dattijo a kan gado, ciwo ya hana shi barci, ɗansa ya kunna masa Ɗanƙwairo a hankali kusa da kunne, sai ki ga fuskarsa ta saki. Idan na tambayi ɗan wane sarki ake yi wa waƙar, ko wa ake yi wa zambo a cikinta, da wuya ya sani. Dattijon ya sani, har ya ba ki labarin rigimar sarautar da ta jawo zambon. Shi kuma ga shi a gadon asibiti.

Labarinmu a bakin wasu

Ki ɗauki wayarki ki rubuta sunan garuruwan nan uku a intanet ki ga abin da zai fito. Sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu na 2021. Harin Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta na shekarar. Ɗaliban da aka kwashe a Kaya ta ƙasar Maradun a farkon Satumba, da katse layukan waya da ya biyo baya a faɗin jihar. Duk gaskiya ne, mu muka ga iyayen, wasunmu mu muka karɓi masu raunin. Dole a rubuta su, kuma Allah Ya saka wa 'yan jaridar da suka sa ransu a haɗari suka rubuta.

Amma yaron da aka haifa a Maradun shekara goma da suka wuce, idan wannan kaɗai ya taso yana karantawa game da garinsu, da wane ido zai kalli kansa? Idan ya je makaranta a Kaduna ko Abuja aka tambaye shi daga ina, sunkuyar da kai zai yi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Baƙon ɗan jarida yana zuwa ne ranar da aka yi ɓarna, ya kwana ɗaya a Gusau ya koma. Ɗan gida ne kawai zai zauna ya rubuta sauran labarin.

Akwai kuma darasin Bakolori. Lokacin da aka gama madatsar ruwan a 1978, dubban mutane suka rasa gonaki da gidaje, aka tayar da mutanen Maradun da ƙauyukan kewaye aka sake musu matsuguni. A watan Afrilu na 1980 manoman da ke neman diyya suka yi arangama da 'yan sanda, aka rasa rayuka, kuma har yau alƙaluman hukuma da na mutanen gari sun yi hannun riga. Matan da suka ɗauki tukwane da tabarmi a ka suka bar gidajen kakanninsu, yau sun haura shekara saba'in. Yadda tsohon gari yake, ina kasuwa take, ina rijiya take, wace waƙa aka yi wa tashin, duk suna bakinsu. Yanzu kuma rashin tsaro yana sake tayar da ƙauyuka. Duk ƙauyen da ya watse, masaƙinsa da maƙerinsa da mai ginin tukunyarsa da zabiyarsa kowa ya kama gabansa, sana'ar da aka gada kaka da kakanni ta tsaya a kan mutum ɗaya da ke zaman gudun hijira a wata makarantar firamare.

Yadda ranar aiki take

Kada ki ɗauka rawa da juyi ne. Mafi yawan aikin zama ne da jira da haƙuri.

A ce edita ya ba ta aikin rubuta labarin makaɗan fadar Maradun na yau. Za ta fara da karatu, ta san abin da aka riga aka rubuta don kada ta je tana tambayar abin da kowane yaro ya sani. Za ta kai takarda ofishin sakataren masarauta ta nemi izini, domin ba a faɗa wa fada kai tsaye. Za ta koyi wa ake fara gaisarwa, ina ake cire takalmi, wane suna ba a kama shi gatsau. Idan ta samu zama da makaɗi, za ta saurari shi, ta saurari 'yan amshinsa, ta saurari sanƙira, domin sau da yawa ɗan amshin da ya yi shekara talatin a bayan ubangidansa ya fi kowa riƙe ranar da aka fara rera waƙa da dalilinta. Za ta san bambancin kotso da taushi da jauje da kalangu, don kada ta rubuta shirme masu abin su yi mata dariya.

Bayan haka sai tantancewa, kuma a nan aikin ya yi kama da namu. A asibiti ba na yi wa yaro allura don kawai wani ya ce mini likita ya ce. Sai na ga kati, na ga suna, na ga adadi. Idan na yi kuma sai na rubuta, domin wadda za ta karɓe ni aiki da safe ba ta da hanyar sanin abin da ya faru cikin dare sai abin da ta gani a rubuce. Ita ma 'yar jarida, idan dattijo ya ce mata a shekara kaza aka naɗa sarki wane, za ta nemi wani dattijon daban, ta duba takarda idan akwai, ta kira malamin jami'a. Maganar sarauta tana da ƙaiƙayi. Kuskuren suna ɗaya a jerin sarakuna yana iya tayar da tsohuwar gaba tsakanin gidaje biyu.

Sai ta dawo ta zauna da rikoda, ta mayar da hirar awa biyu rubutu, abin da kan ci wuni guda. Daga ciki ta tsamo abin da zai shiga shafi ɗaya, edita ya yanke rabi, ta haƙura.

Tambayoyin da ba a so

Wannan ɓangaren ne ke raba 'yar jarida da maroƙiya. Duk shekara jiha tana ware kuɗi a kasafinta don al'adu da yawon buɗe ido. Nawa aka ware, nawa aka saki, me aka yi da shi? Idan an kai tawagar makaɗa da 'yan rawa bikin al'adu na ƙasa, an biya su haƙƙinsu ko sun dawo da kuɗin mota kawai? Ma'aikacin gidan tarihi yana da wutar da zai kunna fanka a ɗakin da aka ajiye takardu? Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai a Nijeriya, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, hukumar kuma ta amsa cikin kwana 7. Kaɗan ne ke amfani da ita a fannin al'adu.

Ga maganar haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan waƙoƙin Ɗanƙwairo ba su zama na kowa da kowa ba tukuna. Amma ki duba YouTube da TikTok ki ga yawan masu ɗora su, ki duba masu tura waƙa a memori a kasuwar Talata. Wa ke karɓar kuɗin tallan da ke biyo bayan kallon? Ko sisi yana kai wa ga iyalan makaɗan da na 'yan amshinsu? Tambaya ce da ke jiran wanda zai bi ta gida-gida.

Sannan ga Argungu, da hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifinta cikin jerin al'adun duniya a 2016, ga Hawan Sallar Kano da ya shiga a 2024. Ba haka kawai aka wayi gari aka sa su ba. Sai da aka tara rubutu da hotuna da shaidu na shekaru. Abin da ba a rubuta ba, ba shi da mai tsaya masa a irin waɗannan wurare.

Ƙofar da mace kaɗai ke shiga

Ki lura, duk makaɗan da na lissafa maza ne. Ba don mata ba su yi waƙa ba. Waƙar daka, waƙar niƙa, waƙar reno, waƙar gaɗa a dandali, kiɗan ƙwarya na amada, waƙoƙin kai amarya, duk namu ne. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta samu an naɗe ta don ta fito fili. Irinta nawa suka yi zamani a cikin gidajen Mafara da Bakura suka tafi ba wanda ya riƙe ko baiti ɗaya? Ɗan jarida namiji iyakarsa zaure. 'Yarki za ta shiga har ƙuryar ɗaki, ta zauna a bakin gado da Goggo, a yi hira ana tsinke zogale.

Kuma ba yau mata suka fara ɗaukar ilimi a baki suna kai shi ƙauye ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jajis da 'yan taru, mata masu zuwa su koyi waƙoƙin karantarwa su koma garuruwansu su koyar. Rubuce-rubucenta sun kai ga duniya a littafi ɗaya a 1997 saboda wata Baturiya, Jean Boyd, ta zauna a Sakkwato shekaru tana bin takardun da iyalan gidan Waziri suka adana. Allah Ya saka mata, amma aikin da ya kamata jikokin 'yan taru su yi ne.

A aikin jarida kansa muna da abin koyi. Hajiya Bilkisu Yusuf ta yi editan Sunday Triumph a Kano, ta yi editan New Nigerian a Kaduna, ta riƙe mutuncinta da addininta har Allah Ya karɓi ranta a Mina a aikin Hajjin 2015. A fannin al'adu kuwa, Malam Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999, kuma shi ya jagoranci rubuta tarihin Mamman Shata da ya fito a 2006. Tun daga Abubakar Imam da Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, jarida da adabi tare suke tafiya a ƙasar Hausa.

Ɗacin aikin

Yanzu bari in faɗa miki abin da 'yarki ba za ta so ji ba, ki karanta mata.

Na farko, kuɗi. Albashin jarida ba shi da yawa, a wasu gidajen ma yana makara. Idan talla ta yi ƙasa, shafin al'adu ake fara ragewa. Da yawa daga masu rubutu a fannin suna da wata sana'ar, koyarwa ko fassara ko aikin rediyo. Ni kaina da albashin asibiti nake sayen data ɗin da nake turo muku wannan rubutu.

Na biyu, ambulan. Bayan taro akan miƙa wa 'yan jarida abin da ake kira kuɗin mota. A fada kuma kyauta al'ada ce, mayar da ita yana iya zama rashin ladabi. Wadda ta saba karɓa, ranar da ta ga rufin gidan tarihi yana zuba bakinta zai yi nauyi. Dole ta koyi yadda ake godiya a kauce cikin ladabi, kuma hakan yana da wuya ga wadda aljihunta ya bushe.

Na uku, hanya. Ke kin san halin da hanyoyinmu suke ciki, ba sai na faɗa miki ba. Babu labarin da ya kai ran 'yarki. Ƙa'idar ita ce ba tafiyar yamma, ba shiga ƙauyen da mutanensa suka ce kada a zo, ba tafiya ita kaɗai, kuma kullum wani a gida ya san inda take da lokacin dawowarta. Hira da yawa ana iya yin ta a cikin gari, domin mutanen ƙauyukan ma yanzu suna cikin gari.

Na huɗu, bakin mutane. Za a ce tana yawo, za a ce tana zama da maroƙa. Maganin wannan shi ne kamun kai da goyon bayan gida. Mu ma ma'aikatan jinya an faɗa mana magana a kan kwanan asibiti, yau kuma kowa so yake mace ce za ta duba matarsa. Idan maganar aure ta zo, a gaya wa manemi aikinta tun farko, a yi sharaɗi a fili. Wani sauƙin shi ne fannin al'adu bai cika kiran gaggawa na tsakar dare ba kamar siyasa ko rahoton tsaro, sai dai ranar Sallah da kowa ke gida, ita tana wurin hawa.

Idan karatun za ta yi

Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello suna da sashen aikin jarida da ya daɗe. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da ƙarfi a nazarin Hausa da tarihi. Ba dole sai ta karanci aikin jarida kansa ba. Wadda ta karanci Hausa ko tarihi ta iya rubutu, sau da yawa ta fi zurfi a wannan fanni. Ta dage da Turanci da adabi a jarrabawarta, ta koyi rubuta Hausa bisa ƙa'ida da ƙugiyoyinta, idan kuma ta iya karanta ajami ta samu makullin da yawancin 'yan jarida ba su da shi. Ta koyi ɗaukar hoto da sauti da waya, domin yau jarida ta koma cikin wayar da ke hannunki.

Idan kuma kuka tsaya a kan aikin jinyar, alƙalami ba ya ƙwacewa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi wa mata tun 2016, ba ta tambayar me kika karanta.

Ki gwada ta a wannan hutun

Gani ya kori ji. Kafin ku yi gardama a kan fom, ki ba ta aiki. Ki ara mata wayarki ta je wurin kakarta ko wata tsohuwa a unguwa, ta nemi izini, ta naɗi hira ta minti talatin: yadda ake biki a zamaninsu, waƙoƙin da suke yi a bakin turmi, abin da ta tuna na tashin gari idan ta ga lokacin. Ta rubuta ranar da wurin da sunan mai maganar a littafi. Ta zauna ta mayar da hirar rubutu, kalma bayan kalma, yadda tsohuwar ta faɗa da Zamfarancinta, kada ta gyara mata harshe. Sannan ta nemi wata tsohuwar ta biyu ta ji ko labarin ya zo ɗaya. Kada ta ɗora murya ko hoton kowa a Facebook ko TikTok sai da yardar mai shi da ta mutanen gidan. A ajiye sautin wuri biyu, domin waya tana faɗawa ruwa.

Idan ta yi kwana biyu ta gaji ta ce rubutun ya yi yawa, kin samu amsarki ba tare da faɗa ba, sha'awar fitowa a talabijin ce kawai. Idan kuwa kika ga ta manta da abinci tana mayar da sautin baya don ta kama kalma ɗaya, ta dawo tana tambayarki ma'anar wata tsohuwar kalma da ke kanki kin manta, to ki yi mata addu'a ki nemi mahaifinta ku yi magana. Ko ta zama 'yar jarida ko ba ta zama ba, muryar kakarta ta shiga ajiya, kuma wata rana 'ya'yanta za su ji ta.

Ku kuma sauran iyaye, ina da roƙo. A wurin sharhi, kowace ta rubuto mana sunan garinsu da irin waƙa ko wasa ko sana'ar mata da ta taso ta gani ana yi, wadda yanzu ta daina gani. Ba sai kin kama sunan kowa ba. Mutanen Mafara, Bakura, Maradun, Faru, Jangebe, ina jiran ku, haka ma na sauran garuruwa. Zan tattara abin da kuka aiko mu dube shi tare a wani makon.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan zazzaɓin damina da yadda ake gane wanda ya wuce a jira gari ya waye. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya.